Baba Ya Ce a Juya

Zuwa ga Kawu Na-Rediyo, mai gabatar da shirin Kiɗan Da,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka. Ka yi haƙuri da rubutuna, ban taɓa rubuta wa wanda ban sani ba wasiƙa, sai dai a jarrabawa.

Ni ɗaliba ce a aji biyar na sakandare. Mahaifina direban bas ne, amma tun farkon zangon karatun nan yana kwance. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, maganarsa ma ta ɗauke. Da can mutum ne mai surutu, har fasinjoji sukan roƙe shi ya huta. Idan muna kallon tsofaffin katun ɗin nan na jarumai masu tashi sama da mayafi a baya, kashe sautin talabijin yake yi ya riƙa yi musu magana da bakinsa. Jarumi ya ɗaga jirgin ƙasa da hannu ɗaya, sai Baba ya ce da babbar murya, "Wayyo bayana, wa ya aike ni!" Yanzu idan na dawo daga makaranta nakan kunna masa su, ba sauti, mu yi ta kallo ba mai cewa komai.

Wata Laraba ina murɗa rediyo na faɗa kan shirinka, kana sa wani dogon kiɗa. Ya fara da jita guda ɗaya, a hankali, kamar mai hawa bene ba ya so a ji takunsa. Sai ganguna suka shigo, sai komai ya canza har na zaci wata waƙar ce daban, can kuma sai ga jitar farko ta dawo, amma ta girma. Ban san ana gina kiɗa kamar gida ba, ɗaki cikin ɗaki. A talabijin a lokacin gini ya rufta wa jarumin, ba a ganin komai sai hannunsa a cikin ɓaraguzai, yatsun suna motsi. Na waiwaya wajen Baba. Yatsunsa na hagu suna bin ganga a kan zanen gado, kuma wallahi babban yatsansa na dama, wanda ya mutu, shi ma ya ɗan motsa.

Roƙona ɗaya ne. Don Allah ku daina yanke kiɗan kafin ya ƙare. Duk Larabar da kuka yanke, ran Baba yana ɓaci sosai.

Na gode da karantawa. Ka huta lafiya.
Ɗaliba mai sauraro

*

Malama Ɗaliba,

Wa alaikumus salam. Na karɓi wasiƙarki, kuma da ni ne malaminki da kin ci maki goma cif. Allah ya ba Baba lafiya, ya mayar da shi kan sitiyari.

To, a nan ba ma yanke waƙar nan. Inda kika ji ta tsaya, nan ta ƙare. Mu a gidan nan Doguwa muke kiranta, haka aka rubuta a kwamfuta, haka na gaje ta daga wanda ya riƙe shirin kafin ni. Ban san masu ita ba, harshen da suke rerawa ma ba na jin ko ɗigo.

Tunda kin rubuto da gaskiyarki, ga tawa. Ran Laraba ni nake ɗauko tagwayena daga makarantar da ke tsallaken titi. Sai in sa Doguwa ta riƙe mini shago, in sauka, in tsallaka, in raba faɗa, in dawo, ita kuwa tana nan tana abinta. Na ɗauka ni da Injiniyan gidan nan kaɗai muka san tana duniya. Kada Manaja ya ji wannan, ina da iyali.

Ki gaida Baba. Ki ce masa jarumin da ya ɗaga jirgin ƙasan nan har yanzu yana shafa magani.

Naki,
Kawu

*

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina gaida tagwaye. Ba wanda zai ji maganar daga bakina, dama ni ba mai yawan magana ba ce. A gida Shiru-shiru ake ce mini.

Ba musu nake yi da kai ba, ka fi ni sani. Amma Larabar nan na kara kunnena a jikin rediyo. Daf da inda kiɗan yake tsayawa, kayan kiɗan duk sun yi ƙasa, sai mai rerawa ya ja numfashi, dogo. Kawu, wanda ya gama magana ba ya jan numfashi irin wannan.

Akwai kuma abin da ban faɗa maka ba don kunya. Tunda Baba ya kwanta, kalma ɗaya ce ta fito daga bakinsa, kuma ba ya faɗinta sai Doguwa ta tsaya. Cewa yake, "Juya." Sai ni da Umma mu tashi mu juya shi ɓangaren bango. Ya ce, "Juya." Mu dawo da shi. Mun juya matashin kai, mun juya fanka, har talabijin na taɓa juyawa. Shi kuwa sai ya yi ta dukan katifa da hannunsa mai lafiya, hawaye yana bin kumatunsa, jininsa ya hau.

Ma'aikaciyar jinyar da take zuwa duba shi ta ce masu irin ciwon nan sukan maƙale wa kalma ɗaya, ba don tana da ma'ana ba. Goggo, yayar Baba, ta ce mu yi haƙuri, hankalinsa ya riga ya yi nisa. Umma ta ce kiɗan nan da ba ya ƙarewa shi yake tayar masa da ciwo, ƙarshen wata za ta fitar da rediyon daga ɗakin. Ban ga laifinta ba. Ita take ɗaga shi, ita take wanke shi, bayanta ma ya fara ciwo.

Amma idan kalmar ba ta da ma'ana, to Baba ba ya cikin jikin nan ke nan. Ni kuma na ga yatsun da idona. Don Allah ka sake dubawa ko akwai saura.

'Yarka,
Shiru-shiru

*

'Yata,

Ina gaisuwa. Yau ba wasa a bakina.

Na karanta wasiƙarki da ƙarfi a ɗakin injina, Injiniya yana shan shayi. Shi tsoho ne, ya fara aiki a nan tun ina rarrafe. Da na zo kan kalmar Baba sai ya ajiye kofin. Ya ce, "Maimaita mini wurin nan." Na maimaita. Ya dube ni ya ce, "Kai, mai baki kamar famfo, ka taɓa riƙe faifan garmaho a hannunka?" Na ce a hoto dai na gani. Ya ce, "Fuska biyu gare shi. Irin waɗannan dogayen ba sa shiga fuska ɗaya. Idan ta farko ta ƙare sai ka tashi ka ɗaga allura, ka juya. Bawan Allahn nan ba ciwo ne yake magana ba. Aiki yake ba mu."

Nan take na tambaye shi ina fuska ta biyu take.

Ashe lokacin da aka kwashe faya-fayan zuwa kwamfuta wuri bai isa ba, fuskar farko kawai aka ɗauka. Muka sauka sito a ƙarƙashin bene muka yi ta ɗaga kwalaye. Mun sami Doguwa. Ruwa ya cinye sunan da ke jikin kwalin, sai hoton wani tsani tsaye a tsakiyar teku. Injiniya ya zaro faifan ya karkata shi wajen haske. Fuskar farko duk ƙarzuwa, ta biyu kuwa baƙa wuluk, tana sheƙi kamar ba a taɓa ɗora mata allura ba.

Matsala biyu. Garmahonmu ba shi da allura, Injiniya ya shiga kasuwar 'yan gwangwan nema. Sannan fuskokin biyu sun fi shirina tsawo, za su cinye lokacin talla, shi kuwa Manaja talla ce numfashinsa. Bar mini wannan. Ke dai ki tambayi Baba, kada mu ma mu juya abin da bai ce ba.

Kawu

*

Kawu,

Assalamu alaikum. Da sauri nake rubutu, ka yi haƙuri da layukan.

Ban san yadda zan tambaye shi ba, sai na ɗauko murfin tukunya daga kicin. Na riƙe shi a kwance a gabansa, na zagaya yatsana a kai, sannan na kife shi. Na ce, "Baba, wannan?" Ya kalli murfin, ya kalle ni. Sai rabin fuskarsa ya yi dariya, wani sauti ya fito daga ƙirjinsa wanda rabona da ji tun yana tuƙi.

Umma tana bakin ƙofa da roba a hannu. Ta ce, "Yanzu duk watannin nan muna juya mutum kamar ƙwai a kasko, ashe faifai yake nufi?" Na zaci ta yarda. Amma sai ta ce dariya ma an gaya mata suna yi ba dalili, kuma ita ba za ta ɗora ranta a kan murfin tukunya ba. Ta ce Laraba ɗaya ta ba mu. Idan ya sake dukan katifa, rediyo ya bar ɗakin a ranar.

Ina jin tsoro, Kawu.

'Yarka

*

'Yata,

An samu allura. Manaja ya ce a'a sau biyu, sai Injiniya ya ajiye masa wasiƙarki a tebur ya fita. Ya ce sau ɗaya tak, kada a saba.

Larabar nan ce. Matata za ta ɗauko tagwaye, ni ma zan zauna in ji. Bayan numfashin za ki ji shiru da ɗan ƙaras-ƙaras. Hannun Injiniya ne, ba ya sauri. Ki gaya wa Baba ya ba shi lokaci.

Kawu

*

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaida kai da Baba Injiniya, Allah ya saka muku da alheri.

Na kunna katun ba sauti kamar kullum. Umma ta shigo da wanki tana ninkewa, wai ba sauraro ta zo yi ba. Da aka zo wurin numfashin, Baba ya buɗe baki ya ce, "Juya." Ba wanda ya tashi. Na ga hannunsa ya ɗaga zai sauka a kan katifa. Sai muka ji ƙaras-ƙaras ɗin. Hannun ya tsaya a sama.

Kawu, numfashin nan ashe ba na mutum ɗaya ba ne. Da aka sake shi, muryoyi ne suka fito da yawa, wata a kan wata, kamar an buɗe ƙofar ƙaramin ɗaki an tarar da fili ba iyaka a bayanta. Jitar nan mai hawa bene ta dawo, amma yanzu ba hawa take ba, ta kai sama tana kallon ƙasa. Ganguna suka yi ta gudu har na ji su a haƙorana. A talabijin wata jaruma mai takalman wuta ta ratsa gajimare ta fito inda ba komai sai haske, ta tsaya cak, mayafinta yana kaɗawa. Na san zane ne, na san wasu ne suka zauna suka zana shi da hannu. Duk da haka sai na ji ɗakinmu ya yi mini girma, kwanon magani da fanka da komai. Na yi ta tunanin mutanen da suka yi kiɗan nan tun ba a haife ni ba, a wani wuri da ban sani ba, da yadda rabinsa ya zauna a cikin kan Baba duk shekarun nan yana jira.

Umma ta daina ninki, riga ɗaya ta riƙe har aka gama. Ƙarshen ba da ƙara ya zo ba. Kayan kiɗan suka riƙa fita ɗaya bayan ɗaya, aka bar jitar ita kaɗai, ita ma ta yi shiru.

Baba bai doki katifa ba. Amma bai ce komai ba, bai kalle mu ba, ya rufe ido kawai. Umma ta kwashi wankinta ta fita. Ban san me ta yanke ba, kuma na kasa tambaya. Rediyon dai yana nan zuwa lokacin da nake rubutun nan. Gobe da safe ina da gwajin lissafi.

Na gode ƙwarai.
'Yarka, Shiru-shiru

*

Malam Na-Rediyo,

Salamu alaikum. Ni ce matar direba, uwar yarinyar da take damunku da wasiƙu. Ba ta san na rubuto ba, tana makaranta.

Yau da safe ina gyara masa shimfiɗa ya riƙe mini hannu ya ce, "Sake." Har na kama zanen gadon zan cire in sake wani, sai na tsaya. Na ce, "Kiɗan?" Ya matse hannuna.

Ni ban iya roƙo ba, kuma na ji an ce mai gidanku ya ce sau ɗaya. Ku gaya masa Direba ne ya ce a sake. Na sayo sabon batir.

Ku huta lafiya.