Ɗacin da Alhaji Ya Gane

Assalamu alaikum Hajiya Maijidda. Don girman Allah ki taimake ni da shawara, magana ce ta cika mini ciki kuma ba ni da wanda zan gaya wa. A unguwarmu ta Mansur a nan Makka, in kika faɗa wa mutum ɗaya abu bayan la'asar, kafin magariba ya kai unguwar Jarwal an ƙara masa gishiri. Shi ya sa na sauya sunaye.

Maigidana mai subiya ne. Ga na gida da ba su san ta ba, abin sha ne na mutanen Makka: sha'ir, wani hatsi dangin alkama, da busasshen burodi ake jiƙawa su ɗan tsima, a tace, a sa sukari da kirfa, a sha da sanyi, musamman da azumi. In aka tace da wuri sai ta fito salam. In aka makara sai ta yi tsami, ta kama hanyar zama abin da Musulmi ba ya sha. Harshe ne ke gane lokacin, kuma a gidanmu harshen Alhaji ne. Ba a ɗaure leda ko ɗaya sai an kai masa kofi ya kurɓa ya gyaɗa kai. Duk yaranmu a haka suka tashi.

Autanmu Fahad shi ya gado harshen. Ya yi aiki a Jidda a irin shagunan gahawan nan na zamani, inda ƙato da gemunsa zai yi ta shinshina kofi yana cewa yana jin ƙamshin fure. Da ya dawo sai ya ce samari sun gaji da zaƙi, zai haɗa musu abin sha na sha'ir mai ɗaci. Ya sayo wani busasshen fure kore a wajen masu kayan ƙamshi, furen dinari suke ce masa. Shi da kansa ya gaya mini da shi Turawa ke ɗaɗɗaɗa giyarsu, amma nasa ba a barin sa ya tsima ko kaɗan. Tafasawa yake yi ya tace, ya sanyaya, a sha a ranar.

Ni ya fara kawo wa. Abin ya fito garau, kalar zuma. Ya ce kar in kwankwaɗa kamar kunu, in fara shinshinawa, in riƙe a baki, in haɗiye, sannan in jira. Kurɓar farko na ce masa wannan ai ruwan shuwaka ne, wa zai sayi wahala da kuɗinsa? Ya yi ta dariya. A ta uku sai na ji ƙamshin ɓawon lemo, da wani kamar na ciyawa in an yi ruwan sama a gida, ɗacin kuma ya tsaya can bayan harshe yana kiran wata kurɓar. Gaskiya ya yi mini daɗi, kuma na ji alfahari da yarona.

Ranar wata Juma'a a farkon Sha'aban, bayan an ci abinci, ya durƙusa ya miƙa wa babansa kofi kamar yadda aka saba. Hajiya, ina zaune ina kallo. Alhaji ya kai hanci ya shinshina. Ya kurɓa, ya lumshe ido. Mutumin da bai taɓa wuce kurɓa ɗaya ba wajen ɗanɗano ya shanye kofin tas, ya miƙa a ƙara masa. Fahad ya ɗauko butar cike da murna. Sai Alhaji ya janye hannu kamar ya taɓa wuta, ya ce da Larabci a fitar masa da abin nan daga gida, kar ya sake ganin sa. Ya zura takalmi ya tafi Harami.

Ni kaɗai na san dalili. Yana saurayi direban babbar mota ne tsakanin Jos da Kano, kuma ya sha giya, irin shan da ko an rufe masa ido zai faɗa miki wacce ce. Ya zo aikin Hajji, ya tuba a gaban Ka'aba, bai sake komawa ba. Shekarar da muka yi aure ya gaya mini, ba mu ƙara tayar da zancen ba. Da ya dawo daga Harami ranar nan sai ya zauna a bakin gado yana kuka. Ya ce ya ɗauka wancan mutumin ya mutu shekara arba'in da suka wuce, ashe barci yake yi, kofi ɗaya ya tashe shi. Ya sa na rantse ba zan gaya wa yara ba.

Tun daga ranar bai sake ɗanɗana subiya ba. Ya ce harshen da ya ji daɗin wancan ɗacin ba shi da bakin raba wa Musulmi halal da haram. Wadda muka jiƙa ta gwaji ta lalace muka zubar, ga azumi ya matso.

Amma ba subiyar ce ke cin raina ba. Fahad ya ɗauka babansa na zargin sa da koyon shaye-shaye a Jidda. Ya ɗauko Alƙur'ani zai rantse, uban ya ce ya ajiye, ya yarda da shi, amma ko ɗaga ido bai yi ya dube shi ba. Kunya ce ke hana shi, yaron kuma ƙyama yake gani. Yanzu ya samu aiki a Riyad, yana ta haɗa kaya, ya ce ba zai zauna a gidan da ake masa kallon mashayi ba. Alhaji na da ciwon suga da na zuciya. Ina tsoron su rabu a haka, wani abu ya faru, yarona ya rayu yana ganin ubansa ya tafi yana ƙyamar sa. Wani lokacin haushin Alhajin nake ji, in ga kamar ya fi son mutuncinsa da ɗansa, sai kuma in ga yadda ya rame, tausayinsa ya kama ni. In karya rantsuwar in gaya wa yaron, ko in yi shiru in zuba ido?

Taku cikin damuwa,
Uwar Auta, Makka

*

Wa alaikumus salam, Uwar Auta. Sannu da ɗawainiya, Allah ya yaye miki.

Kar ki gaya wa Fahad. Asirin na Alhaji ne, Allah ya rufa masa shi shekara arba'in, amana kawai aka ba ki. In kika buɗe, za ki iya tsayar da ɗa ki rasa yardar miji, kuma ba ki san da wane ido yaron zai koma kallon ubansa ba. Sai dai shirun ma ba kyauta ba ne, don Fahad ke biyan sa. Yaron bai yi ɓoye-ɓoye ba, a gaban kowa ya durƙusa ya miƙa abin da ya haɗa.

Don haka wajen Alhaji za ki koma, kuma cikin kwanakin nan. Ki faɗa masa ƙarara abin da ɗansa ya ɗauka, don mai jin kunya sau da yawa ba ya lura da yadda sunkuyar da kansa ke ƙona na kusa da shi. Ba sai ya ba da labarin Jos ba. Ya kira yaron, ya dube shi a ido, ya ce masa ya san bai taɓa shan abin maye ba, matsalar tasa ce shi uban, tsakaninsa da Ubangijinsa. Wannan gaskiya ce, kuma ta isa. In wata rana ya ga dama ya ƙara bayani, shi ya so.

Ki kuma tuna masa abin da idonki ya gani. Ke kin fi riƙe miƙa kofin da ya yi, ni kuwa janye hannun na riƙe. Marmari ya taso masa bagatatan, babu shiri, kuma ya ƙi. Tuba ba ta goge abin da harshe ya sani, hana hannu take yi, tasa kuwa ta yi aikinta ranar da aka jarraba ta. In zuciyarsa ba ta kwanta ba, ya samu malamin da ya amince da shi su keɓe.

Hukuncin abin shan na bar wa malamai. Amma ko halal ne tsantsa, a daina haɗa shi a gidan. Fahad ya nemi wani wuri, wannan haƙƙin uba ne, ba hukunci ba. Ita kuwa subiya, tunda Alhaji ya ƙi kurɓa, ga mai harshe a gida. Yaron ya ɗanɗana ya faɗi abin da ya ji, uban ya yanke a tace ko a jira. Aiki tare yakan sauƙaƙa maganar da baki ya kasa farawa.

In Alhaji ya kafe, ke kina da bakin da za ki ce wa ɗanki babansa bai taɓa zargin sa ba, akwai abin da yake fama da shi wanda ba ki da izinin faɗa. Ba ki karya rantsuwa ba. Riyad kuma ba bangon duniya ba ce, in aikin na da kyau a sa masa albarka ya tafi. Abin da ba zan so ba shi ne ya hau mota da laifin da bai yi ba, uban kuma yana bakin ƙofa ya kasa ɗaga kai.

Allah ya ba Alhaji lafiya, ya tabbatar da shi, ya sanyaya zuciyar Fahad, ya nuna muku wannan azumi kuna buɗe baki a faranti ɗaya.

Hajiya Maijidda