Ku Duba Bakin Babana Kafin Ku Miƙa Masa Lasifika

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Yaƙi da Shan Taba na yankinmu,

Ranku ya daɗe,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi da girmamawa, ina fatan kuna lafiya, ku da iyalinku da sauran manyan da kuke aiki tare. Allah ya sa haka, amin.

Ni ɗaliba ce a kwalejin Badagishiri, ina ajin ƙarshe. Ba ku san sunana ba, amma kun taɓa ganina. Ni ce yarinyar da ta karanta waƙe a kan illar sigari bara, ranar da kwamitinku ya zo daga Illela ya yi taro a filin lakwal ɗinmu, wato makarantarmu. Ban saba magana a gaban manya ba, ko a aji sai an kira sunana nake buɗe baki. Na rubuta wannan takarda a fili ne domin abin da zan faɗa a fili aka fara shi, kuma ba gidanmu kaɗai ya shafa ba.

Na ɗaya, abin da aka yi wa babana ranar taron.

Babana manomin albasa ne a fadama. Tun da ya kai ni lakwal ina ƙarama bai sake taka filin wata lakwal ba sai ran nan, da ya ji an ce ɗiyarsa za ta yi karatu a gaban baƙi. Ya bar wa ƙanensa ban ruwa, ya sa rigarsa ta Juma'a, ya zo ya tsaya can baya a gindin itace. Yana shan sigari tun kafin a haife ni, kowa ya sani, kuma kwalin yana aljihun gaba inda ya saba zama. Da na gama karatu, mutuminku mai riƙe da lasifika ya tambaya ko iyayena suna wurin. Yara suka nuna shi. Aka jawo shi tsakiyar fili, mai lasifikar ya zaro kwalin daga aljihunsa ya ɗaga sama, ya ce jama'a su dubi uban mai waƙe. Aka yi ta dariya, har da 'yan ajinmu. Babana ya karɓi kwalin ya jefa ƙasa ya take shi da takalmi. Kuka yi tafi, kuka ba shi riga da hula masu tambarin kwamiti, aka ɗauki hotonsa.

A wurinku an ci nasara. Ni kuwa ina tsaye dab da shi, na san ba haka ba ne. Magidanci ne mai furfura, ba a taɓa tsayar da shi a gaban yara an yi masa dariya ba. Wanda ya zo don ya ji karatun ɗiyarsa bai cancanci a cusa masa hannu a aljihu ba.

Na biyu, shawarar da aka ba shi a gefe.

Da jama'a suka fara watsewa, wani daga cikin mutanenku ya ja shi kusa da motarku. Ina nan tsaye riƙe da rigar da hular, da kunnena na ji. Ya ce masa kwaɗayin sigari zai dame shi, in ya taso masa kada ya koma, ya nemi garin taba da 'yar kanwa ya sa a ƙasan leɓe. Ya ce wannan ba ta da hayaƙi, ba ta zuwa huhu, kuma kakanninmu sun ci ta har suka tsufa. Wannan maganar ba a yi ta da lasifika ba. Babana kuwa bai yi lakwal ba, duk wanda ya sauko daga motarku a wurinsa likita ne.

Ya bi shawarar. Ganyen busasshe yake saye, domin ya ce garin da ake sayarwa a kasuwa ana cika masa toka. Namiji ba ya daka a garinmu, innata kuma tana da ciwon ƙirji, ƙurar ba ta barinta numfashi. Aikin sai ya faɗo kaina. Kafin in tafi lakwal nake ɗumama ganyen a kasko, in daka shi da kanwa a ƙaramin turmi, in tankaɗe, in cika masa batta. Ƙurar na sa ni atishawa da jiri, warin kuma ba ya fita daga yatsuna ko na wanke da sabulu. Da waɗannan yatsun nake riƙe alƙalamin da kuka ba ni kyauta saboda waƙen.

Ba zan ɓoye abin da ya gyaru ba. Tarin da yake yi da asuba ya ragu, ɗaki ya daina warin hayaƙi, innata tana samun barci. Ba na neman ya koma wa sigari, Allah ya kiyaye. Amma akwai abin da mai shawarar bai faɗa ba, ko kuma bai sani ba. Sigari tana da lokaci. Babana ba ya kunna ta a gaban manya, ba ya kunna ta kusa da masallaci, in hannunsa ya jiƙe wajen ban ruwa ma ba ta kunnuwa. Garin taba ba ruwansa da wannan duka. Yana bakinsa a fadama, yana bakinsa a majalisa, yana bakinsa a bisa amalanke. Salla da cin abinci kaɗai ke sa ya tofar.

Na uku, bakinsa.

Innata ce ta fara lura, daga kwanon abinci. Mutumin da ba ya cin tuwo sai an zuba masa yaji a gefe ya ce a daina sa barkono a miya. Shayi sai ya huce yake sha. Goro ya bari, ya ce wai ya gundure shi. Daga baya muka ga da gefe ɗaya yake tauna. Wata safiya bayan girbi ya kira ni bayan rumbu, ya ce idona ya fi nasa, in duba masa. Ya ja leɓensa ƙasa a cikin hasken rana. Daidai inda yake ajiye tabar dasashi ya janye har gindin haƙora ya fito, akwai wani farin tabo mai kauri, a tsakiyarsa kuma gyambo ja. Wannan kafin sanyi ne. Yanzu an kwashe albasa, zafi ya shigo, gyambon bai warke ba, ƙara faɗi ya yi. Abin da babana ya yi shi ne ya mayar da tabar ɗaya gefen.

Ni ba likita ba ce, ban san sunan wannan abu ba, kuma ina roƙon Allah ya sa ba abin da nake tsoro ba ne. Abin da na sani, kafin shawarar mutuminku babu shi.

Na huɗu, maganar da kuka yi a rediyo.

Mun ji ku kuna cewa masu shan sigari suna raguwa a ƙasa, kuma yankinmu yana cikin na gaba. Har kun ambaci wani manomin Badagishiri da ya take kwalinsa a gaban jama'a bai sake waiwayarsa ba. Maƙwabta suka shigo yi mana barka. Ban san yadda kuke ƙidaya ba, kuma ba ni da ilimin da zan musa lissafinku. Tambaya ɗaya nake da ita: waɗanda suka bar sigarin, ina suka tafi? Ku zo kasuwarmu ranar da take ci, ku bi layin masu ganyen taba. Da can tsofaffi da makiyaya ke tsayawa wurin. Yanzu akwai samari masu kabu-kabu, akwai direbobin da ke ɗaukar albasa zuwa Konni. Tsohuwar da babana ke saye wurinta da sunansa take talla, tana cewa irin wadda ya daina sigari da ita ce, kuma likitoci sun yarda da ita. Wannan ƙarya ba ita ta ƙirƙiro ta ba, daga gindin motarku ta taso. In mutum ya cire tabar daga yatsunsa ya mayar da ita cikin bakinsa kuna sa shi cikin waɗanda suka tsira, to ku faɗa mana haka a fili, mu san abin da lissafin yake nufi.

Na biyar. Na kai tambayata wurin mushe, wato malamin da ke koya mana ilimin halitta, ban ce masa babana ba ne. Ya ce abin da ke kama mutum a sigari da garin taba ɗaya ne, sunansa nikotin. Ya ce hayaƙi ya fi cutar da huhu, wannan gaskiya ne, amma tabar da ake ci tana da nata ɓarnar a baki, kuma ba magani ba ce. Ya ce a wasu ƙasashe akwai cingam na musamman da filasta da ake liƙawa a dantse, likita ke ba mai son dainawa yana rage masa sannu a hankali har ya rabu da abin. Na tambaya a wurin sayar da magani na garinmu, mai wurin ya ɗauka cingam ɗin yara nake nema. Ɗan gwaggona ya tambaya a Konni, aka ce ba a taɓa kawowa ba. Ke nan kuna da mota da lasifika da riguna da huluna, amma ba ku da abin da za ku miƙa wa mutum washegarin ranar da ya take kwalinsa. Shi ya sa mutuminku ya tura shi layin masu ganye.

Yanzu ga abin da ya sa na kasa ci gaba da yin shiru. Kwanan baya ɗan aiken mai gari ya zo gidanmu ya ce kwamiti na kiran babana Illela wurin taron bana, ya sa rigar da hular, ya gaya wa jama'a da 'yan rediyo yadda ya yi ya daina. Ya amsa da to. Da ɗan aiken ya fita, innata ta ce masa gidan likita ya kamata ya fara zuwa, wurin majo mai duba marasa lafiya. Ni ma na durƙusa na roƙe shi, abin da ban taɓa yi ba. Sai ya ce, "Majon gidan likita yana cikin masu tafi ran nan. Ba zan je in buɗe masa baki in ce maganin da manya suka ba ni ya cuce ni ba. An yi mini dariya a gabanki sau ɗaya, ya isa."

Kun gani, ranku ya daɗe. Kunyar da aka ba shi ita ta raba shi da sigari, ita ce kuma yau ta hana shi neman magani. Girman da kuka ba shi daga baya ya ƙara ɗaure shi. Zai zo Illela, domin ba ya ƙin kiran manya. Zai tsaya ya faɗi abin da kuke son ji da gefen baki ɗaya, wasu magidanta su ji a rediyo su sa ɗiyansu daka.

Saboda haka ina roƙon ku, da dukkan ladabi:

Ku hana mutanenku tura jama'a ga garin taba da sunan magani. In akwai bambanci tsakaninta da sigari, ku faɗi bambancin gaba ɗaya, amfanin da ɓarnar, da lasifikar nan da rediyon nan, ba a gefen mota ba.

Ku daina zaro kwali daga aljihun kowa a gaban 'ya'yansa.

Ku kai maganar cingam da filastar nan wurin na sama da ku. In ba za su samu ba, ku gaya wa mutane gaskiya, a koya wa majo-majon gidajen likita yadda za su zauna da mai son dainawa su taimake shi.

Wanda ya fi duka a wurina shi ne wannan. Ku sake aiko ɗan aiken nan gidanmu tun kafin ranar taro. Ku ce kwamiti ne da kansa ke son likita ya duba bakin babana a ɗaki, ba a fili ba, ba tare da mai hoto ba. Ku ce masa ba laifinsa ba ne, kuma ba wanda zai ji kunya in ya nuna. In abin ya fi ƙarfin nan, ku ba shi takardar zuwa Konni ko Tawa. Maganata bai ji ba, ta innata ma bai ji ba. Taku ce ba ya tsallakewa, kuma gyambon ba jiran ranar taronku yake ba.

Allah ya ƙara muku lafiya da basira, ya sa aikinku ya amfani talakawa, ya tsare bakinku da na iyalinku daga abin da na gani a bayan rumbu. In na yi tsauri a wani wuri ku yafe mini, uba ɗaya gare ni.

Wassalam.

Ɗiyarku,
Ramatu, 'yar ajin ƙarshe a kwalejin Badagishiri.