Jan Furen Sani

Daren Laraba, unguwar Hindawiyya, Makka

Tun asuba nake jujjuya jan furen da Inna ta aiko mini ta hannun wani mai Umra, irin wanda ake maƙalawa a riga a can ƙasarmu don tunawa da sojojin da suka rasu. Ta ce in saka saboda ƙanena Sani. A Makka wa ya san ma'anarsa? Duk da haka na maƙala na tafi shago.

Hajiya Safiya, haifaffiyar nan, tana ganina da furen a ƙirji ta washe baki. "Mabruk, ɗana! Auren wa ake yi?"

Da a ce Sani ya dawo daga Borno da rai, da a watan nan za a ɗaura nasa auren.

Na ce, "Na ƙanena ne, Hajiya."

Ta yi ta yi masa addu'ar zuri'a mai albarka. Ni kuma na tsaya ina cewa amin.