Ƙasar Gonar Baba

Yaya Bahago,

Assalamu alaikum. Ya jikin Inna? Allah ya ƙara mata sauƙi. Ina nan lafiya, ina koyarwa a tsibirin nan, ruwan sha ne dai sai jirgi ya kawo.

Kakannin mutanen nan masunta ne. Kamfani ya gano taki a ƙasarsu, suka bari ya kwashe ta jirgi-jirgi, har da rawa. Yau ko'ina ramuka, ga teku amma kifin gwangwani suke ci! Maƙwabcina a buhu yake sayen ƙasar shuka tumatir.

Na ji kai ma ka kawo masu tifa suna yashe gonar Baba ta bayan ganuwa. Sannu, ɗan kasuwa! Aiko min da kuka da daddawa, ka haɗo da ƙasar gonar a leda kafin ka ƙarar da ita.

Ƙanwarka,
Radiya