Baban Nafisa, Sun Ce Laifinka Ne

Assalamu alaikum Baban Nafisa,

Ina gaishe ka, ko da yake na san ba za ka amsa ba, ba kuma za ka karanta wannan takarda ba. Ina cikin takaba, ba na fita. Maganar da ke cina ba ni da wanda zan faɗa wa a gidan nan in tabbata ba za ta tsallake katanga ba. Shi ya sa na yagi takarda daga littafin Nafisa na zauna.

Yara lafiya lau. Nafisa ta koma lakwal, tana karatunta. Abdu ya fitar da haƙoran sama, ya sha zazzaɓi amma ya warware. Hajiya mahaifiyarka ba ta cin abinci sosai, sai kunu. Ruwa kuwa kamar yadda ka sani, famfo ya ɗauke, sai 'yan garuwa.

Ranar da abin ya faru ka ce mini butik za ka, kantin yadin da kake aiki a Kasuwar Dole, kamar kullum. Bayan azahar aka zo aka ce wani kamyo, babbar mota mai ɗauke da buhunan gero, ya buge ka a bayan gari, kan hanyar Mirya, kana kan moto, babur ɗinka, da wata mata a bayanka. Aka ce kai ka cika nan take, ita an kai ta gidan likita. Me ya kai ka hanyar Mirya? Wace ce matar? Mata na shigowa gaisuwa, ina amsawa, amma ina ganin yadda suke satar kallona. Ban tambayi kowa ba.

Ranar addu'ar uku mai kamyon, wani Alhaji ɗan kasuwa, ya aiko da shinkafa da mai da goro. Kowa ya yaba. Ranar bakwai ya sake aikowa, har da atamfa. Ta farko na ce ta'aziyya ce. Ta biyun fa, ta mece ce?

Bayan nan wani mutum ya fara zuwa, sunansa Usaini, kullum da jaka a hammata. Ya ce shi abokinka ne, ya san duk wani buro na hukuma a Damagaram, daga jandarma har kamfanin asiransi mai biyan diyyar hatsari, zai tsaya mana saboda Allah. Baban Nafisa, tun da muka yi aure ban taɓa jin sunan nan a bakinka ba. Ka san shi? In abokinka ne, me ya sa ya tambayi Nafisa ko su nawa ka bari?

Wata safiya suka zo tare da wanka, Yaya Laminu. Suka zauna a bakin ƙofa, ni ina bayan labule. Yaya Laminu ya ce abin da ya faru ƙaddara ce, kuma gidanku ba a san shi da zuwa jastis gaban alƙali ba. Usaini ya karɓe. Ya ce jandarma sun yi konsta, takardar binciken hatsari, sun rubuta cewa kai ka ratse ka shiga hannun kamyon, kana magana a wayar salula. Ya ce in muka kai ƙara shekaru za mu yi muna zirga-zirga, a ƙarshe a ce laifinka ne, mu tashi a tutar babu. Amma Alhajin mutumin kirki ne, zai ba yara wani abu, in dai na sa hannu a wata takarda. Ya miƙo ta ta ƙasan labule, da biro.

Faransancina ka san iyakarsa. Na ce su bar mini ita in samu mai karanta mini. Usaini ya yi dariya, ya ce wannan ba takardar da ke kwana a waje ba ce, ya janye abarsa.

Abin da ban gaya musu ba, salularka tana wurina. Ranar ka manta ta a kan taga, na ma bi ka da ita har zaure, na tarar ka riga ka tafi. To da wace salula kake magana? Na ce su ba ni lokaci, kaina bai dawo ba tukuna.

Daga ranar barci ya ƙaurace mini. In mun ci shinkafar nan, mun yafe ke nan? Ni zan iya yafe abin da yake na Nafisa da Abdu? Yaya Laminu zai iya sa hannu a madadina ban sani ba? In na jira har in fita takaba, lokaci zai wuce? Kuma wa ya kamata ya biya, direba, ko mai mota, ko asiransi? Duk wanda zan tambaya, sai in fara tunanin wa zai je ya gaya wa.

Sai ga matar da kanta ta zo. Baban Nafisa, tsohuwa ce. Inna Gambo sunanta, mutuniyar Zermu, ta haifi kamarka. Ɗanta ya kawo ta, tana dogara sanda, ƙafarta a ɗaure. Ta ce ba za ta koma gida ba sai ta ga matar yaron da ya ɗauke ta. Ta zauna a tabarmata ta yi kuka, ni ma na yi, har da na kunyar abin da na zata.

Ta ce motar garinsu ce ta tashi ta bar ta, ta tare ka a bakin tasha, kuka yi ciniki, ka ce za ka bi da ita ku cim ma motar. Na ce ciniki kuma? Ta dube ni ta ce ai kabu-kabu kake yi, 'yan tasha duk sun san ka, tun kafin azumi kake tsayawa a wurin. Ta ce a hannunka kake tafiya, a hankali, har tana yi maka tsiya wai jaki zai riga ku. Kamyon ne ya fito zai wuce wata amalanke, ya cika hanya, ka kauce har gefen ƙasa, ya bi ka can. Ta kuma ce wani mai jaka ya je har gadonta a gidan likita, ya ce zai biya mata kuɗin magani in ta ce ba ta tuna komai ba. Ta ce masa ƙafarta ce ta karye, kanta lafiya yake.

Kabu-kabu, Baban Nafisa? Ashe an sallame ka daga butik ka ɓoye mini. Kullum in goge maka riga, ka sa hula, ka fita kamar mai zuwa auna yadi. Gaskiya na lura. Na ga bayan hannunka ya yi baƙi, na ji warin esans, man moto, a kayanka, na ga kuɗin cefane ya koma duk 'yan canji. Na zaci wani abu daban, na haɗiye, na dinga yi maka fushin da ba ka san dalilinsa ba. Da na tambaye ka, za ka gaya mini? Ka ɗauka zan raina ka ne?

Ƙawata Hadiza da ke aiki a meri, ofishin magajin gari, ta kawo mini wata aboka, wato lauya, har ɗaki. Matar ta ce karɓar kayan ta'aziyya ba yafiya ba ne, sa hannu ne ke ɗaure mutum. Ta ce ni da yara da Hajiya kowa na da nasa haƙƙin, kuma lokaci bai ƙure ba, amma kada in yi sanya. Ita Inna Gambo za a biya ta ko laifin wane ne, tunda ɗauko ta aka yi. Kai kuwa da kake tuƙi, in aka ɗora maka laifin, abin da zai zo wa yara zai ragu ko ya tafi baki ɗaya. Sai ta tambaya ko akwai wanda ya ga konstan da idonsa, ko ya ga takardar asiransin kamyon. Babu. Ta ce in asiransin ta mutu kafin ranar, daga aljihun Alhajin za a nema. Nan na tuna atamfar.

Ita ma abokar ban sakar mata jiki duka ba. Ta yi maganar kasonta tun kafin ta sha ruwan da na ba ta. Sai dai ita ta bar mini tata takardar ta kwana. Na kuma aika Hadiza ta tambayi Malam na masallacin unguwa ba tare da ta faɗi suna ba. Ya ce babba na iya yafe nasa, amma haƙƙin maraya ba mai yafe shi, ko uwa ko baffa.

Da Yaya Laminu ya dawo na ce masa ba zan sa hannu ba. Sai ya ce, "Rakiya, so kike a tsaya gaban alƙali a ce ɗan gidanmu kabu-kabu yake yi?" Ashe ya sani. Tun yaushe? Kai ka gaya masa, ko Usaini ne ya kai masa don ya rufe masa baki? Asirinka yake rufewa, ko an ba shi wani abu? Wallahi ban sani ba. Bai sake shigowa ba tun ranar, amma an ce shi ya biya wa Nafisa kayan lakwal a ɓoye. Na rasa inda zan ajiye shi a zuciyata.

Direban na yafe masa nawa, tsakanina da Allah. Na yara ba nawa ba ne.

In na fita takaba zan je da ƙafata. Inna Gambo ta ce ko a amalanke ne za ta zo daga Zermu ta faɗi abin da ta gani. Za a tambaye ni sana'arka, kuma zan faɗa yadda kowa zai ji, cewa mijina haya yake yi da moto yana ciyar da gidansa, ba wanda ya taɓa kwana da yunwa. Ka yi haƙuri, abin da ka ɓoye mini ni zan faɗe shi a gaban mutane, domin shi zai nuna abin da ya kai ka hanyar nan.

Allah ya jiƙan ka, ya yalwata maka makwanci. Sai mun zo.

Matarka, uwar Nafisa da Abdu,
Rakiya, Garin Malam, Damagaram