Abin da Ban Faɗa wa Mai Motoci Ba

Riyad, Talata da dare

Yau ma mun je kamfanin motoci ni da Baba. Wata bakwai ke nan da aka yi odar a-kori-kurar nan. Ni ce bakinsa, tunda Larabcinsa na cinikin kasuwar Batha ne kawai.

Mai sayar da motocin ya ce an gama ƙera motar, tana masana'anta, wani ɗan mitsitsin abu na kwamfuta ake jira, kuma ya yi ƙaranci a duk duniya. Ya nuna girmansa da farce.

Baba ya ce, "Wannan ɗan abin? Hauwa, ce masa su turo ta haka nan, Idi makanike zai samo. Ko su ba ni aron wata. Kafil, ubangidan nan nawa, ya ce in wata ya ƙare ba mota, wani zai ba aikina."

Kunya ta rufe ni, ga mutane suna kallo. Na ce wa mutumin, "Mahaifina yana godiya." Ya yi murmushi, ya ƙara mana gahawa.

A bas Baba ya ce, "Ya hana aron ko?" Na ce e. Ya ce Allah ya sa haka ya fi alheri, ya saya mini lemo. Na kasa shanyewa.

Bayan isha'i na faɗa masa gaskiya. Bai yi faɗa ba, tashi ya yi ya shige ɗaki, kuma gara faɗan.

Na rubuta maganarsa da Larabci a bayan littafina na kimiyya, ban rage komai ba. Gobe ina tashi daga makaranta za mu koma. In muryata ta yi rawa, sai in karanta wa mai motocin.