Na Ce Mata Na Warke, Ga Shi Damina Ta Ƙarato

Bu Rukmini, don Allah ki taimake ni da shawara kafin Laraba mai zuwa, don na ɗaure kaina da bakina, na rasa ta inda zan kwance. Kar ki sa sunana. A unguwarmu, a garin Pekalongan na bakin teku, ko sabon zane kika shanya sai an san wanda ya saya miki.

Sana'ata zanen batik na hannu, wato yi wa yadi ado da narkakken kaki. Tun ina yarinya nake riƙe da 'yar butar kaki, kuma ba yabon kai ba, layina ba ya karkacewa. Mijina, Mas Darmaji, a jirgin kamun kifi yake, sai ya yi watanni ƙafarsa ba ta taka ƙasa ba. Gidan daga ni sai mahaifiyata da ƙafa ta fara gagara, sai 'yata Kinanti da ke shirin gama sakandare.

Daminar bara ruwa ya ci mu. Mun saba da shi, duk shekara teku kan leƙo ta gaishe mu, mu ɗage tabarmi mu ci gaba da harkarmu. Na bara kuwa bayan la'asar ya zo haɗe da ruwan sama. Kafin in sauke tukunyar kaki ya kai gwiwa, kafin in fito da mahaifiyata daga ɗaki ya kai ƙugu. Na ɗora ta a kan teburin aiki na rirriƙe ta, ina jin teburin yana motsi, ruwa yana hawa ƙirjina, har maƙwabta suka iso da kwalekwale. Ba wanda ya mutu, alhamdulillahi. Wannan ma shi ne abin da ke ba ni kunya, don akwai waɗanda suka yi rashi kuma suna tafiyarsu lafiya.

Ni kuwa tun daga ranar, da ruwa ya fara buga kwanon rufi sai ƙirjina ya toshe, zuciya ta yi ta dukan uku-uku, hannu ya ɗauki rawa, in ji yau kam mutuwa ce. Mahaifiyata ta ce sanyi ne ya shige ni. Ta kwantar da ni, ta shafa man zafi, ta kankare mini baya da tsohon kwabo har jajayen layuka suka fito. Tana yi tana tsiya, wai ita da ta kusa zama abincin kifi ga ta tana barcinta har da minshari, ni da na tsaya da ƙafafuna ce nake karkarwa kamar kazar da aka tsamo a rijiya. Na yi dariya don kar ta ji babu daɗi, amma ya yi mini ciwo.

Kinanti ce ta matsa har ta kai ni asibitin unguwa, wurin wata mai ba da shawara kan damuwa, Mbak Larasati. Na tafi da tsammanin allura ko ƙwaya, sai na tarar da kujera biyu da ruwan shayi. Ta bar ni na yi ta zuba, ban taɓa sanin ina da maganar da ta kai haka ba. Ta ce ba hauka ba ne, jikina ne ya ƙi yarda cewa ambaliyar ta wuce. Ta koya mini jan numfashi a hankali. Ta sa mini ƙarar ruwan sama a waya, ta ce in riƙa saurare kaɗan-kaɗan a gida ina ƙarawa, kuma duk sanda tunanin mutuwa ya zo in tsaya in tambaye shi hujjarsa.

Sau ɗaya na gwada. Ban san lokacin da na cusa wayar cikin kwandon shinkafa na fita tsakar gida ina haki ba. Ban sake kunnawa ba.

Da na koma, ga yarinyar nan Mbak Larasati da tsohon ciki, ta taho a babur daga wani gari, gumi a goshinta, ta tarbe ni da fara'a tana tambaya yaya aikin da ta ba ni. Bu, kin san yadda aka rene mu. Wanda ya wahala dominki ba kya dubansa ki ce wahalarsa ta tashi a banza. Nauyinta na ji. Na sunkuyar da kai na ce da sauƙi sosai, Mbak. Ta yi murna har da tafa hannu. Daga nan fa kowane zuwa sai in ƙara mata sauƙi a kan na baya, in miƙa mata ƙunshin shinkafar megono, abincin garinmu, a ganyen ayaba, don na lura tana sonta. Rani ya rufa mini asiri, tunda babu ruwan da zai ƙaryata ni.

A zuwana na baya-bayan nan ta ce ta ji daɗin yadda na samu kaina, zaman Laraba mai zuwa shi ne na sallama, za ta tafi hutun haihuwa, a ba wani gurbina. Na yi godiya hannu bibbiyu. Ga shi makon jiya hadari ya haɗo, ɗan yayyafi ne ma kawai, ina tsakiyar yi wa yadin wata amarya zane. Hannuna ya ƙwace, kaki ya kwarara ya ratsa furannin daga sama har ƙasa. Na naɗe yadin na tura ƙarƙashin katifa, ko Kinanti ba ta gani ba.

Ba yadin ne ke hana ni sukuni ba. Damina ta ƙarato, Mas Darmaji yana teku. Idan ruwa ya sake shigowa na sandare a tsaye, wa zai ɗauki mahaifiyata? Shin maganin da ake yi da fatar baki kawai yana warkar da mutum kuwa, ko raunin imani ne ke damuna? Kuma ta yaya zan gaya wa mai ciki cewa duk murnar da ta yi a kan ƙarya ta yi ta?

Mai Hannu Mai Rawa, Pekalongan

Ƙanwata, sannu. Na ji tausayinki ƙwarai, kuma na yi murmushi a wurin ƙunshin shinkafa, don ni ma 'yar wannan tarbiyya ce. Mun iya cewa da sauƙi ko da muna kan gadon asibiti.

Ki fara ajiye maganar raunin imani. Matar da ta tsaya cikin ruwa har ƙirji tana riƙe da uwarta ba raguwa ba ce. A ranar jikinki ya koyi cewa ƙarar ruwa haɗari ce, ya riƙe darasin fiye da kima. Ana samun haka ko ba a yi rashi ba. Ki ci gaba da addu'arki, ki bar Mbah, mahaifiyar taki, ta kankare bayanki in kina jin daɗinsa, hannun uwa ne. Sai dai kwabo iyakarsa fata.

Shi wannan magani ba zance ne kawai ba. Akwai sauraro, wanda kin ɗanɗana kin ji amfaninsa. Akwai gyaran tunani, inda ake koyon tsayar da mugun tunani a bincike shi maimakon a bi shi a guje. Akwai sabawa da abin tsoro mataki-mataki, shi ne ƙarar ruwan da aka sa miki. Wani ana haɗa shi da masu irin damuwarsa, wani a kira iyalinsa, wani kuma a tura shi wurin likitan ƙwaƙwalwa a ƙara masa da ƙwaya na ɗan lokaci. Duk cikinsu babu awon jini. Mai duba ki ba ta da abin aunawa sai abin da kika faɗa.

Don haka ranar da waya ta shiga kwandon shinkafa ba faɗuwa kika yi ba. Matakin ne ya yi miki tsawo. Da kin faɗa, da ta rage shi, wataƙila ku fara saurare tare a ɗakinta tana kusa da ke. Labarin da kika ɓoye shi ne ainihin abin da take jira ta yi aiki da shi.

Ita ma ba zan wanke ta tas ba. 'Yar ƙasar nan ce, ya kamata ta yi shakkar sauƙin da ya zo babu ko tuntuɓe, a cikin rani, daga bakin mace mai sunkuyar da kai. Amma ƙuruciya ce, kuma za ta ƙaru da ke. Kar ki ji tsoron za ki kunyata ta. Masu wannan aiki sun saba jin an ce ban iya ba, ban yi ba, abin ya dawo. Abin da zai ɓata mata rai da gaske shi ne ta ji labari daga baya cewa ta sallame ki a bakin damina.

Ga abin da za ki yi. Yau ki gaya wa Kinanti gaskiya, ita ta kai ki tun farko, ta raka ki ranar Laraba. Ki roƙi Mbak Larasati ta haɗa ki da wanda zai riƙe ki kafin ta dawo, ki tambaye ta ko akwai buƙatar ganin likita. Maganar Mbah kuwa kar ki bar ta a wuyanki ke kaɗai. Ki je wurin maƙwabtan da suka zo da kwalekwale, ku tsayar da wanda zai fara leƙo ku da zarar ruwa ya taso, da gidan da za a kai ta tun kafin ya kai gwiwa. Rabin tsoronki na cewa ke kaɗai ce zai ragu daga nan. In Mas Darmaji ya samu ya kira ki daga teku, shi ma ki daina ce masa lafiya lau.

Na san in kin zauna gaban fara'ar yarinyar nan bakinki zai sake cewa da sauƙi. To wannan karon ki bar shinkafar a gida. Ki ɗaga katifa ki ɗauko yadin amaryar, ki shimfiɗa mata shi a kan tebur kafin ku gama gaisawa. Ta san layinki ba ya karkacewa, za ta gane.

Allah ya ba ki lafiya, ya sauke ta lafiya, ya sa daminar bana ta same ki kina zaune kina zanenki.

Bu Rukmini